Tsila a Kwalba ta Shida

Ƙarfe bakwai, Stirling ba ta gama farkawa ba,
yayyafi na lasar gilashin taga.
Ishbel ta shigo da bokiti, takalminta duk laka,
ta kamo kifaye a tafkin da ke ƙasan tudu,
kowannensu bai kai ɗan yatsana ba,
ƙaya uku a gadon baya,
ciki kuwa tim, kamar mai jiran haihuwa yau ko gobe.

Na tsaga ɗaya. Ba ƙwai ba ne.
Tsila ce ta warware kanta a faranti,
fara sol, shimfiɗaɗɗiya kamar zariyar wando.
Na ɗora ta a sikeli:
saura ƙiris ta kamo mai masaukinta.

Na duba sama, na juya ta, na duba ƙasa.
Ba baki. Ba hanji.
To ta ina kike ci, baiwar Allah?
Ashe fatarta ce bakinta, tun daga kai har wutsiya,
kwanciya kawai take yi, abinci ya ratsa ta
yadda ruwa ke ratsa sabuwar randa.

Na jera kwalabe, ruwa da gishiri da sukari a gwaje,
kowace awa in ɗiba in ga me ya ragu.
A kwalba ta shida na hana ta gishiri,
sai ta yi kwance, sukari na kewaye da ita, ba ya shiga.
Ba ya ƙetare ƙofa shi kaɗai,
sai gishiri ya riƙe masa hannu.

Wanda ya shiga, ɗaure shi take dami-dami
ta cusa a rumbu.
Ɗan abin da ta taɓa ma ba ta ƙona shi ƙurmus,
gatsa take yi ta yar,
ta bar wa ruwa tsami.
Ta san akwai tafiya:
wata rana kifi zai taso sama, ciki ya yi masa nauyi,
zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, ba ya gaggawa.
A ɗumin cikin tsuntsu za ta fasa rumbun,
kwana kaɗan, ta zuba ƙwai, ta ƙare.

Azahar ta yi. Na wanke hannu,
na soki gefen yatsa, ɗigo ɗaya,
na'ura ta ce sha huɗu.
Ishbel ta miƙo biskit, ta tuna, ta janye,
ta ce in yi haƙuri, kunnenta ya yi ja.

Shekara tara ke nan
jinina ya zama kasuwa cike da kaya
ƙofofin gari kuwa a garƙame.
Ina da baki, ina da haƙori talatin ba ɗaya,
ina da hanji mai tsawon igiyar guga,
amma sai allura ta ƙwanƙwasa kafin a buɗe mini.

Na ɗage riga, na tsira ta a gefen cibiya.
Na koma kan kwalba ta shida.
Tana nan yadda na bar ta, a tsakiyar zaƙi, da yunwa.

Ba ya cikin tsarin aikin yau,
littafin ma na rufe shi.
Na ɗebo gishiri a bakin cokali
na zuba mata.