Darasin Ginshiƙi a Antakya

Na cire fitilar da ke reto a silin.
Babu wanda ya ce in cire.
Na dai lura duk sanda babbar mota ta wuce
idanu kan bar allo su koma sama
suna tambayar igiyar: ke ce, ko ƙasa ce?

Ajinmu akwatin ƙarfe ne yanzu,
an jera shi da 'yan'uwansa a bayan gonar zaitun
inda sanyin kogin Asi ke iso mu da hantsi.
Abin da nake koyarwa kuwa, Allah Sarki,
shi ne yadda gini ke ɗaukar nauyi
da yadda yake gajiya.

Shekara goma sha tara ina shiga aji da hotuna:
ga bene ya durƙusa,
ga rodi ya leƙo daga kankare kamar haƙarƙari.
In ce, to, wa zai nuna mini kuskuren?
Har raha nake yi.
Bana ina buɗe hoton farko
sai Gulizar ta ce, can ƙasa-ƙasa, ba da ni take ba:
"Labulen Gwaggo Behiye ne wancan."

Na kashe na'urar.
Muka yi ta shan shayi a 'yan kofuna har lokaci ya cika.

Tun ranar, daga bakin ƙofa nake faɗa:
yau akwai hoto uku, na biyun ya fi nauyi,
mai son fita ya fita, ba sai ya ɗaga hannu ba,
darasi ba ya gudu.
Ƙofar a buɗe take ko ana ruwa,
na tokare ta da bulo.
Tahsin ke zama dab da ita, takalmi ɗaure tam,
jaka a cinya kamar mai jiran mota.
Ban taɓa ce masa ya matso gaba ba.
Lissafinsa ya fi na kowa tsabta.

Na daina kiran suna daga takardar ofis.
Takarda ba ta san wanda ya rage ba.
Sau ɗaya na kira Nihal Karaca,
shirun da ya amsa mini
har yau yana zaune a layi na uku.

Wani abokin aiki ya ce sangarta su nake yi.
Injiniya, in ji shi, ba a renonsa cikin auduga,
gobe su za su sa hannu a takardar gini,
ƙasa kuma ba ta karɓar uzuri.
Gaskiyarsa.
Ban rage ko tambaya ɗaya a jarrabawa ba.
Ranar miƙa aiki kaɗai na sassauta,
don wanda ke kwana a mota saboda tsoron rufin ɗaki
ba ya bambance Talata da Laraba.

Ba na tambayar kowa abin da ya gani.
Wanda ya kawo labarinsa in saurara,
sannan in nuna masa ƙofar Malama Sevda,
ita ta karanci ciwon da ba ya jini, ni siminti na karanta.
Ni ma can nake zuwa ranar Alhamis.
Ban gaya musu ba. Ina jin sun sani,
sun ga yadda alli ke karyewa a hannuna
duk sanda na ce "hawa na huɗu".

Jiya Gulizar ta tsaya bayan an tashi.
Ta ce in buɗe mata hoton nan.
Na ce, kin tabbata?
Ta ce, a'a, amma buɗe.
Ta daɗe tana kallo, ba labulen ba, ƙasa da shi.
Can ta ɗora yatsa kan ginshiƙin kusurwa:
"Zobban rodin nan sun yi wa juna nisa.
Tazarar ta kai taƙi biyu. Wa ya sa hannu?"

Ban sani ba, na kuma ce mata ban sani ba.
Ta ja kujera, ta ciro littafinta,
muka kama lissafin tun daga tushe,
ƙofa a buɗe,
ruwa na feso mana har kan bulon.