Kashi Nawa Cikin Ɗari

Bayan la'asar a kasuwar hatsi ta Gadarif,
injin wuta yana tari a bayan shago.
Na ɗora kwamfuta kan buhun riɗi,
don kofunan shayi sun cinye teburin.

Allo ya buɗe da ɗakuna farare, reras,
kamar filin da aka yanka ba a gina ba.
Na jera gonakinmu a layin hagu:
ta bakin kwari, ta Kawu Babikir,
ta Inna Sittana mai baƙar laka,
can ƙasa kuma 'yar gonar Mudassir.

Baba Jazuli ya jawo kujera.
Shi da yatsu ya saba, da carbi,
da zanen gawayi a jikin ƙofa.
Ya ce, "Nima, me kike faɗa mata?"

Na ce da alamar daidai ake farawa,
ita ce sallamar gidan.
A ɗauki na bana, a cire na bara,
abin da ya saura a raba da na bara.
Bara buhu tamanin muka ɗaure,
bana casa'in da biyu.

Na danna. Sifili ya fito, da ɗigo, da sha biyar.
Baba ya cire hula ya sosa kai:
"Duk gumin nan, ko ɗaya bai kai ba?"
Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Ashe na manta da 'yar alamar nan,
ƙwayar riɗi biyu da kara a tsakani.
Ina taɓa ta, ɗigon ya kauce:
kashi sha biyar cikin ɗari.
Ya mai da hula. Ya ce, "Yanzu ta yi hankali."

Muka zo kan zakka.
Ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin goma ke nan.
Allo ya ce buhu tara da ɗigo biyu.
Baba ya ce, "Ɗigo biyu ba ya ɗora tukunya.
Rubuta goma."
Na ce lissafi zai karkace.
Ya ce gara ya karkata ta wancan gefen.

Sai na kama kusurwar ɗakin, na ja ƙasa,
lissafin ya bi layi yana sauka da kansa.
Kawu ya hau da kashi shida.
Inna ta sauka da takwas,
ruwan ƙarshe ya riske ta ana yanka,
riɗi kuwa ba ya jiran kowa,
in ya buɗe baki ƙasa yake ba.

A layin Mudassir allon ya cije.
Babu lamba, sai wasu baƙaƙe a hargitse,
irin kallon wanda aka yi wa tambayar da ba ta da kai.
Na san dalili.
Bara babu abin da aka shuka a can.
Ya ɗauki jaka ya ce sati biyu,
ciyawa ta riga shi dawowa.
Bana Baba ne ya bi gonar da ciwon gwiwa,
da sanyin safiya, ba tare da ya gaya mana ba,
ya fitar da buhu uku.

Na ce, "Baba, ba a raba abu da babu.
Daga babu zuwa uku,
na'urar ba ta san kashi nawa ba ne."

Ya daɗe yana kallon wurin.
Injin ya yi shiru, aka fara kiran magariba,
mai shayi tana tattara kofuna.

Na ce akwai dabarar da zan sa, ɗakin ya koma fari.
Ya riƙe mini hannu.
"Bar shi yadda yake.
Ni ma ban sani ba."

Buhunan uku suna lungun shago har yau,
an ɗora su kan katako saboda gara,
da sunansa a jiki, da gawayi.