Jinin Zoɓo

Ni ne mai haɗa jini.
Da sassafe nake shiga kasuwar Wunti,
mudu biyu na zoɓo, ƙulli ɗaya na sitaci,
in dafa, in tace, in bar shi ya yi kauri.
Darakta ya hana ni sa sukari
tun ranar da gawa ta lashi leɓenta
ana tsakiyar ɗauka.

Labarin fim ɗin bai da tsawo:
ƙawaye biyu, da kwalbar wani mai
da aka tono a bakin ruwan Gubi.
Wadda ta shafa ta rage shekara goma,
goman nan kuwa su tashi tsakar dare,
su haura katanga,
su kwana a fuskar ɗayar.

To fa!
Turai ta ce ita ba ta fitowa a tsohuwa.
Kubura ta ce sai dai a nemo kakarta.
Kwana uku muna zaune a wani kango a Gwallameji,
janareto na shan mai a banza,
su kuma suna ƙirga wa juna shekaru da ƙarfi:
"Ke da kika ga ranar da jirgin ƙasa ya fara zuwa Bauchi!"
"Na gani, kina sayar wa direban kunu!"

Da ƙyar aka raba tsufan gida biyu
kamar naman watanda,
ɗaya ta tsufa da safe, ɗaya da la'asar.

Nan aikina ya samu.
Tamoji da ƙaro nake liƙa shi,
furfura daga cikin tsohuwar katifa,
haƙoran da za su zube, rogo ne na fere.
Idon da zai faɗo cikin kwanon fura
gauta ne, na ɗiga masa tawada.
Akuyar maƙwabta ta ci mana kunne biyu da haɓa ɗaya,
har yau ba ta yi ko tari ba.

Ranar babbar fitowa,
Kubura ta rarrafo daga ƙarƙashin gado,
fata na saɓulewa, zoɓo na tsiyaya,
hannu ɗaya ya rage a baya yana neman ta.
Nan ya kamata Turai ta suma.
Sai ta ɗaga yatsa: "A dakata.
Fitilar nan ta fi haska ta."
Yaran da ke kan katanga har da faɗowa don dariya.
Wata mai tallan masa da ta leƙo
ta yi a'uziyya, ta jefi aljanar da faifai,
kuma ta same ta.

A ƙarshen fim ɗaya ta koma jaririya,
muka aro 'yar mai gidan, ta jiƙa wa darakta riga.
Ɗayar ta zama ƙwarangwal na kwali
mai ɗaurin ɗankwali ture-ka-ga-tsiya,
tana tambayar madubi ko jan baki ya zauna.

Amma abin da ba a ɗauka ba
bayan magariba yake.
In ɗumama ruwa, in zaunar da su kan benci ɗaya,
in riƙa ɓamɓare shekarun da na liƙa.
Rannan ina murza gefen idon Kubura,
wani layi ya ƙi fita.
Na ƙara sabulu. Ya ƙi.
Ta riƙe min hannu.
"Bar shi, yaro. Wannan ba naka ba ne."

Na jira Turai ta soka magana.
Ba ta soka ba.
Ta taɓa nata, daidai wurin,
ta ce in kawo sauran jinin, in sa sukari.

Kofi ɗaya muke da shi, suka sha bi da bi.
Sannan suka tare keke ɗaya zuwa Yelwa,
ina jiyo su har kwanar titi
a kan sunan wa zai fara a jikin fasta.