Daɓen Farin Dutse

Duwatsun sun iso ranar Talata
daga mahaƙar da ke bayan tsibirinmu na Brac,
farare, farin ƙashin kifin da teku ta gama lasa.
Babana Jerko ya jawo kujerar katako ya zauna.
Gwiwoyinsa sun yi ritaya, bakinsa bai yi ba.
Shekara arba'in yana daɓe gidajen mutane,
tsakar gidansa kuwa ƙasa ce da ciyawa.

"Perina, kada ki yarda da yashin bakin teku,
gishirinsa zai taso ya yi wa daɓen furfura.
Wankakke za ki saya. Siminti kuma fari.
Baƙin yakan ratso daga ƙasa kamar ɓacin rai,
bayan wata uku ki gan shi a fuskar dutse."

Na baza tsakuwa, na kirɓe ta har kafaɗa ta yi tsami.
Na ja zare daga bakin ƙofa zuwa gindin zaitun,
duk taku ɗaya ya sauka da kaurin yatsa
don ruwan sama ya shigo baƙo, ya fita baƙo.

Da rana ta yi zafi na so in yi wayo,
dunƙule biyar na kwaɓi a ƙarƙashin kowane dutse.
Sandarsa ta taɓa mini dunduniya.
"Shimfiɗa shi duka.
Inda kika bar rami, nan damshi zai kwana,
ya wayi gari ya zana miki zobe."
Na ɗaga guda tara da na riga na kwantar.
Ban yi masa magana ba sai da daddare.

Kwana goma sha ɗaya ina bugu da gudumar roba,
soso a hannun hagu, bokiti kusa da gwiwa,
ɗigon kwaɓi bai taɓa bushewa a sama ba.

Sai dokoki suka sauko.
Teburin ƙarfe ya koma gidan maƙwabta, shi da tsatsarsa.
Murhun gasa kifi ya koma bayan katanga.
Tukwanen furanni suka sami ƙafafu.
Man zaitun ya tsaya a kicin.
Lemon tsami, ko da wasa:
yana cin dutse kamar yadda bashi ke cin barci.
"Mako shida zai yi yana fitar da gumi
kafin ki shafa masa maganin toshe ƙofofinsa.
Yanzu jariri ne, abin da ya taɓa bakinsa ya sha."

Ga inabi ya nuna a rumfa, baƙi wuluk.
Muka ɗaura tsohon filafilan kwalekwale a ƙarƙashinsa.

A mako na biyar ƙwaya uku suka zille ta wata ɓaraka.
'Yata Tonka, mai shekara biyu, ba takalmi,
ta taka su, ta nufi kakanta da gudu.
Sawu biyar, shuɗi mai ja,
kowane ya fi na bayansa dusashewa.

Na dama alli da ruwa, hannuna na rawa,
na lulluɓe na farko, na biyu, na uku, na huɗu.
Na biyar yana dab da ƙafar kujerarsa,
yatsu huɗu da rabin dunduniya.

Ya ɗora sandarsa a kai.
"Allin ya ƙare," in ji shi.

Kwanon yana hannuna, rabinsa cike.