Guntun Gwangwani

A Ubrique, inda fararen gidaje suka jingina da dutse
kamar haƙora a dasashi,
kakana Eusebio ya bar mini gado ɗaya tak:
injin tsaga fata, baƙi wuluk, mai nauyin ɗan maraƙi.
Shekara goma sha tara yana barci bayan tulunan man zaitun.
Mu uku muka ciccibo shi, ni da Nieves da mijinta,
har ƙugun mijin ya yi ƙara.

Na kwance shi gaɓa-gaɓa a kan tsohon bargo.
Noti ashirin da shida, biyu sun ƙi,
sai da suka kwana huɗu cikin kananzir suka saduda.
Tsatsa ta yi masa riga, na tuɓe ta da samfefa.
Giris ya daskare a haƙoransa kamar tsohon ƙanzo,
na bi da tsinke, haƙori bayan haƙori,
ƙararrawar coci tana ƙirga mini awowin da na ɓatar.
Duk abin da ya yi kama da datti na share:
ƙura, gashin fata, gawar gizo-gizo,
da wani guntun gwangwani da ya maƙale ƙarƙashin rola.

Wuƙar kuwa, yini biyu muna hira da dutse,
ruwa, ja, ruwa, ja,
har ta aske gashin hannuna ban ji wucewarta ba.

Ranar Asabar na haɗa shi. Yana ƙyalli.
Na sa kirgi a bakinsa, na juya mariƙi,
ya haɗiya, ya yi gyatsa, ya miƙo mini abin kunya:
dama da kaurin tafin takalmi,
hagu kamar ɓawon albasa.
Na ɗaure nan, can ya saki.
Na saki can, sifirin ya yi kuka.
Rabin fatar saniya ya tafi a gwaji,
ko alabe ɗaya bai fita ba.

Sai na hau tudu wurin Fulgencio,
wanda ya yi zaman benci ɗaya da kakana.
Idonsa ya tafi, yatsunsa suna nan.
Ya sauko da sanda, yana zagin matakala.
Bai tambayi komai ba. Ya shafa rola daga kai zuwa kai,
ya zura takardar taba tsakaninta da kaifi,
nan ta kama, can ta wuce salin-alin.
Ya ce, "Yarinya, ina gwangwanin?"

Na ce wanne?
Ya ce, "Na kifi. Ni na ci kifin, shi ya yanke murfin,
shekarar da aka haifi uwarki.
Injin nan da ɗingishi ya fito daga maƙera,
kin wanke shi tas, har da sandarsa."

Da fitila na shiga kwandon shara,
gwiwa a ƙasa, hannu cikin tsumma da baƙin mai.
Can ƙasa na same shi, bai kai farcen babban yatsa ba,
an ninka shi biyu, an daddale da guduma,
jan fenti na rabin wutsiyar kifi bai gama gogewa ba.

Muka mayar da shi mazauninsa.
Kwata ɗaya na juyi a dama, Fulgencio ya ce tsaya.
Ya ja wuƙar baya, kaurin gashi, ya ce ɗaure.
Takarda ta kama nan, ta kama can.

Na juya.
Kirgi ya shiga ɗaya, ya fito biyu,
shiru, kamar an buɗe littafi.
Tsohon ya murza shi kusa da kunne, ya sunsuna,
ya ce hagu ta fi da ɗan kaɗan,
amma haka take tun zamanin Eusebio,
kada in kuskura in gyara.

Sannan ya nemi kofi, ba sukari,
ya zauna kan bencin, gefen da ba nasa ba.