Dilar da Ta Ƙi Sayuwa

Shekara biyu tana ƙarƙashin tebur,
dilar gwanjon da na yanka da reza wata Talata
a Babbar Kasuwar Katsina, tsakiyar bazara.
Na tura hannu ina sa ran rigunan ofis,
sai ga wando mai kauri kamar katifar jinjiri,
sai ga tabarau faffaɗa, ido ɗaya, kalar manja,
da takalmi mai nauyin taɓarya.
Nafi'u maƙwabcina ya yi dariya har da tari:
"Sada, sun sayar maka da sanyin ƙasar wasu."
Wani ɗan acaɓa ya ɗauki hular kwano guda,
saura gizo-gizo ya kama haya a ciki.

Sai Barira ta zo daga Ƙofar Marusa,
waya a hannu, Goggo Hajjo a baya tana fifita da mayafi.
Ta samu gurbin karatu, in ji ta,
garin da dusar ƙanƙara ke rufe mota har madubi.
'Yan ajinsu na hawa dutse ranar Asabar,
su ɗaure ƙafa biyu a kan allo ɗaya, su sulalo.
Ita ma za ta koya.
Goggo ta ce, "Da ƙafarki lafiya lau?"

Ta fara karanto, ni kuma ina tono.
Rigar ciki mai kama jiki, amma ban da auduga:
auduga na shan gumi ta riƙe,
gumin ya huce ya zama maƙiyi.
Ni da aka haifa kusa da gonar auduga, na yi shiru.
Ta biyu mai laushi, ta ɗumi.
Ta uku wadda ruwa ke zamewa a kanta
kamar a bayan agwagwa.
Safar ulu har gwiwa, guda ɗaya tak a kowace ƙafa,
in ka ninka, yatsu su mutu.
Safar hannu mai ƙarfe a wuyan hannu,
don ɗan koyo da tafi yake tarar ƙasa.
Gajeren wando mai soso a mazaunai.
Nan Goggo ta kau da kai,
Barira ta ce, "Can ake faɗuwa, Goggo, kullum can."

Hular kwanon da ta rage ta zauna daidai bisa ɗankwali.
Ta sa tabarau, ta dubi layin masu tumatir,
ta ce duk kasuwa ta koma ruwan zuma.
Takalmin ya ciji diddige, bai bar shi ya ɗaga ba,
ta ce haka ake so.
Allon fa? Babu a dilata.
"Haya zan ɗauka. Ba a sayen doki kafin a iya zama."

Gwiwar wandon ta yage tun daga mai shi na farko,
wani da ban sani ba, da ya faɗi a wuri ɗaya sau da yawa.
Na kai wa tela, ya dasa ƙyallen atamfa kore.
Ta biya, ba ta yi ciniki sosai ba.
Goggo ce ta yi.

Wata bakwai. Jiya da la'asar
Goggo ta miƙo mini waya ba sallama.
Fari fat, sama da ƙasa, kamar an kifar da buhun gari.
A tsakiya wani mutum a zaune, ƙafafu sama,
ba fuska, sai tabarau da haƙora.
Na ce, "Wa ke nan?"
Ta sa farce ta buɗe hoton.
Ga koren ƙyallen nan a gwiwa,
dusar ƙanƙara ta manne masa.

Na kira Nafi'u ya zo ya gani.
Yana can yana fifita da kwali.