Yana

Wuta ta ɗauke a Osu tun tsakar dare,
famfon tankin kifi ya yi shiru.
Da safe na buɗe asibitin ido na Dakta Ofori,
na tarar ruwan gishiri ya yi yana
kamar kokon da ya huce a kwano.

Shuɗin kifin nan ya taso sama,
yana cizon iska da ɗan bakinsa.

Na shimfiɗa takarda a fuskar ruwa,
na ƙirga uku, na ɗaga a hankali.
Maiƙo ya biyo ta. Na sake. Har sau bakwai.
Da wuta ta dawo na karkata bakin famfo sama,
ruwan da ke motsi ba ya yana.
Laifina ne ma, hannuna ya yi yawa a abinci,
tausayi ne ya koma maiƙo.

Da yamma na hau motar Nima.
Baba Mumuni na bakin ƙofa,
ya ce, "Wane ne? Isaka?"
Yanar idonsa ta shekara biyu.
Na tambayi kuɗin aiki: albashina na wata biyar.

Na zauna kusa da shi,
ragowar takarda a aljihuna.